Rakiyar Jak Zuwa Kuru

Jos. Na bar gidana a unguwar Ali Kazaure ƙarfe biyar saura kwata na asuba, ranar Talata, cikin bazara. Maigidana, Bature mai haƙar kuza, zai tafi hutu, ya ce in kai karensa Jak wurin abokinsa a Kuru. Jak ƙato ne mai gemu, gashinsa kamar waya, bayansa baƙi, ƙafafunsa ja. Ba ya son ɗauri, ba ya jure zafi. Sau uku maigida ya nanata mini maganar ruwa. Na duba igiya da buroshi da wasiƙa sau bibbiyu, amma na manta kwanon shansa.

Direba ya karɓi sule nawa, sisi na kare, ya ce mu hau baya kan buhuna. Sai ƙarfe tara mota ta cika.

Bukuru, mil tara, ƙarfe goma da rabi. Nan mota ta mutu, muka kama sauran mil shida da ƙafa. Jak ya fara haki. Na roƙi wata mai fura aron ƙwarya.

"Malam, in ya sa baki, kai za ka wanke mini sau bakwai?"

Ban ga laifinta ba. Butata cike take, amma na tuna azahar, na tuna yawun kare a tafina. Na ce bari mu kai rafi. Muka tarar da rafin yashi ne zalla.

Mil goma sha uku, ƙarfe ɗaya. Jak, wanda ko ɓera ya gani sai ya fizgi igiya, ya kwanta a gindin dutse ya ƙi tashi. Sai a nan na zuba ruwan a tafina. Ya lasa sau biyu, ya kaɗa ɗan guntun wutsiyarsa. Na saɓa shi a kafaɗa.

Kuru, ƙarfe uku. Kafin mu isa ƙofa Jak ya cika. Abokin maigidan ya tambaye ni yaushe ya sha ruwa, na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba; ya rubuta wasiƙa ya liƙe, ya ce in kai wa maigida da safe.

Na iso gida da magariba. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa manomin da ya ara mini fartanya muka binne Jak. Da matata ta karɓi butar, sai ta jijjiga ta, ta ce ashe ban ma sha wuya ba, ga ruwa har rabi.