An Yi Mata Waƙa?

In ana zancen matan fastoci da sanyin halinsu, ni sai in ja bakina in yi shiru, don tamu uwar ba ta san sanyi ba. Mama murya gare ta. In ta ɗaga waƙa a tsakar gidanmu na Dawaki, har mai shayin bakin titi ya san ta tashi lafiya. Baba kuwa mai bishara ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, in yana wa'azi sai ka ga na bencin baya suna miƙo wuya. Da aka turo shi Gombe daga ƙauyenmu na ƙasar Tangale ya kafa ikilisiya, abin da aka haɗa shi da shi bai wuce wani tsohon shago da 'yan bencuna ba. Babu ƙararrawa, babu lasifika. Ran Lahadi da safe sai ya dubi Mama ya ce, "Uwar yara, fara mana." Tana farawa sai ka ga mutane suna leƙowa: leburori, 'yan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki, matan da aure ya kawo gari, duk wanda ya tashi da irin waɗannan waƙoƙi a ƙauyensu yana kewa. Mai shagon, wani Bakano mai sayar da atamfa, yakan tsokani Baba ya ce, "Fasto, tun da kuka tare na daina duba agogo ran Lahadi." Haka shago ya cika har aka nemi fili.

Amma inda Mama ta fi tsayawa da ƙafafunta shi ne wurin jana'iza. Ko wane ne ya mutu, ko baƙo ne da ba a san danginsa ba, sai ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta ɗauki tulun kiɗa, ta tattaro matan ikilisiya su raka shi har bakin rami. Takan ce dabba ake ja a jefa rami shiru, mutum kam sai an raka shi. Da wannan muka tashi, ni da Yayata.

Mu biyu ne a wurinsu. Ni na ɗauko bakin Mama amma ban ɗauko muryar ba, Yaya kuma ta ɗauko shirun Baba kakaf. Ita ce mai wanke kofunan jibin Ubangiji a majami'a, ita ce mai koya wa yara aya, ni kuwa ina can baya ina cin gyaɗa. Ta auri wani malamin gona mai kirki, irin kirkin nan da ke ba ni haushi don ba a samun abin faɗa da shi. Ba su daɗe da aure ba suka ce sun ji kira, za su tafi aikin bishara wata ƙasa. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba ko a nan, kuma duk lokacin da na haɗiye sunan sai na ji ɗacinsa.

Kafin su tafi, dattawan da ke tura su suka zo gidanmu suka zaunar da mu. A can, in aka gane abin da ya kai su, kora ce mafi sauƙi, waɗanda suka karɓe su kuma su ne za su sha wuya. Saboda haka kada a ambaci ƙasar, ko a cikin addu'ar majami'a, sai dai a ce "bayin Allah da ke wancan wuri". In maƙwabta sun tambaya, a ce mijin ya sami aikin koyar da noman rani, wanda kuma gaskiya ne. A waya kuwa ba a cewa sujada, ba a cewa fasto, ba a kiran sunan Ubangiji, don ba a san wa ke saurare ba. Baba yana ta gyaɗa kai. Mama ta ce, "To me ya rage a faɗa?" Aka yi dariya, amma ita ba wasa take ba.

Hirarsu ta waya ta koma ya gida, ya zafi, kun ci abinci. Wata Kirsimeti Mama ta manta kanta, tana jin muryar Yaya ta kama waƙa da dukan ƙarfinta. Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba Yaya ta kashe wayar. Mama ta daɗe tana kallon wayar a hannunta, sannan ta ajiye ta kan buhun masara ta koma wurin suyar cincin. A can aka haifi 'yarsu, a hoto muka san ta, a hoto ta yi rarrafe har ta yi wayo.

Labarin rasuwar Yaya ya same mu da hantsi, Mama na shanya wanki. Mijin ne ya kira Baba. Zazzaɓi ne, in ji shi, na 'yan kwanaki, asibiti kuma da nisa. Ya ce ta tafi gida, kuma an riga an kai ta tun jiya, don can ba a ajiye gawa. Mama ta fizge wayar da jiƙaƙƙen hannu. Ba ta tambayi ciwon ba, ba ta tambayi magani ba.

"An yi mata waƙa?"

Ina tsaye kusa, ina jin numfashinsa ta cikin wayar. Can ya ce, "Mama, sabis ba kyau," sai layi ya yanke.

Muka yi zaman makoki babu gawa. Matan zumunta suka cika gidan da zanensu iri ɗaya, suka yi ta waƙa har muryoyinsu suka dushe, Mama na zaune a tsakiyarsu bakinta a rufe. Masu ta'aziyya suna tambaya a ina aka sa ta, muna cewa can wurin aikin mijin. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Barno da rikici ya koro, ta shigo da kunu ta zauna gefen tabarma. Ta ce, "Maman yara, sai haƙuri. Ni ma maigidana har yau ban san inda aka sa shi ba." Mama ta ɗago ta tambaye ta ko an yi masa salla. Matar ta ce an ce mata an yi. Mama ta ce, "To ke kam an ce miki."

Daga nan gidanmu ya canza. Mama ta daina ba da waƙa a majami'a, in an yi rasuwa kuma sai ta aika da tulun ta ce a gaishe su. Da matan suka matsa mata, ta ce da wane bakin za ta raka 'yar wani alhali tata tana tsaye a hanya. Haka ta ce, tana tsaye. Takan ce tana ganin Yaya a mafarki a bakin zaurenmu, ta yafa gyale, takalmi a ƙafa, kamar baƙuwar da ta yi sallama tana jiran a taka mata. Ba ta magana, ba ta fushi, jira kawai take. Ni ban taɓa ganin komai ba, kuma ba ni da saurin yarda da irin wannan. Amma in Mama na tsakiyar tuƙa tuwo ta tsaya cak, ta karkata kai wajen zaure, sai ni ma in waiga wurin, in rasa dalilin da ya sa ni ma na daina bi ta zauren ni kaɗai da tsakar rana.

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya buɗe mata Littafi, ya ce wadda ta mutu cikin Ubangiji tana wurinsa tun daga numfashin ƙarshe, waƙa ba ita ke buɗe ƙofar sama ba. Mama ta ce, "Na sani, Fasto. Ni ma na yi ajin baftisma. Ai ba sama nake tambaya ba, 'yata nake tambaya." Baba ya rufe Littafin ya fita ban ruwan barkononsa. Na tausaya masa a ranar, duk da cewa a raina shi nake ɗora wa rabin laifin, don shi ya sa musu hannu a ka ranar da za su tafi.

Sai da damina ta sake zagayowa mijin Yaya ya sami hanyar zuwa hutu, ya taho da yarinyar. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mama ta bari ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ta zauna gabansa ta sake tambayar. Ya ce maƙwabta ne suka yi komai. Matan unguwa suka yi mata wanka don tana karɓar musu haihuwa, maza suka haƙa rami a gefen maƙabartarsu, aka taru sosai. Ya ce mutanen kirki ne, sun yi kuka kamar tasu. Shi kuma yana tsakiyarsu, ya yi addu'a a zuci.

"Waƙa fa?"

Ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Ni ce na kasa haƙuri, na ce masa ko kaza aka yanka ai tana samun mai cewa wani abu a kanta. Baba ya daka mini tsawa, abin da bai saba ba. Mama ta tashi ta kwashe kwanuka, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana."

Yarinyar kuwa ba ta wuce shekarun shiga firamare ba, idanun Yaya ne sak a fuskarta. Hausarta wata iri, a hankali, kamar tana tauna kowace kalma kafin ta sake ta. Duk wanda ya ce mata yaya sunanki, sai ta miƙe tsaye ta ce, "Babana malamin gona ne," ko da ba shi aka tambaya ba. Ran Lahadi na riƙe hannunta muka shiga majami'a. Ana buga tulu mata suka ɗauki waƙa, sai yarinyar nan ta fizge hannunta ta ruga wurin taga tana ƙoƙarin jawo ta ta rufe. Ta kasa, ta dawo da gudu ta haye cinyata, ta toshe mini baki da tafin hannunta. Tana ta cewa, "Goggo, za su ji! Za su ji!" Dole na fita da ita waje. Mutane suna murmushi suna cewa baƙunta ce, ni kuwa na zauna ƙarƙashin dalbejiya na yi kukan da ban yi ba tun ranar makoki.

Bayan 'yan kwanaki uban ya tafi ganin dattawa, Baba ya raka shi. Da la'asar Mama ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta tana mata kitso, ni ina gefe ina tsinkar zogale. Mama ba ta matsa mata da tambaya ba tun zuwansu, amma ranar, tana tsaga gashi, ta ce a hankali, "Ƙawata, kin san inda mamanki take kwance?"

Yarinyar ta ɗago kai. Ta dubi zaure, ta dube ni, ta ce, "Goggo, rufe ƙofa." Na tashi na rufe, har da sakata, don ta ga na sa.

Ta ce ta sani. Bayan mutane sun watse, washegari babanta ya riƙe hannunta suka fita kamar za su duba gona, suka bi ta wurin. Babu kowa sai wani mai kiwo can nesa. Suka tsaya, suka yi wa mamanta waƙa.

Hannun Mama ya tsaya a cikin gashin. "Waƙa? Wace iri?"

"Irin tamu ta gida."

"Yi mini in ji."

Yarinyar ta zame ta miƙe tsaye, rabin kanta a kitse rabi a tsefe. Ta haɗa ƙafafu, ta sa hannuwa a baya, ta ja numfashi ta buɗe baki. Babu abin da ya fito. Leɓunanta suna motsi, kanta yana ɗan rausaya, babban yatsan ƙafarta yana taɓa ƙasa yana ɗagawa, amma ko iska ba ka ji. Sai a lokacin na gane haka suke sujadarsu a can, su uku a ɗaki, tun da aka haife ta. Na kuma gane abin da ya hana uban amsawa: kunya ce ta hana shi kiran wannan abu waƙa a gaban mace irin Mama.

Mama ta zuba wa bakin yarinyar ido. Can na ga fuskarta ta sauya, ta dafe ƙirji. Ta gane waƙar daga motsin leɓe. Tata ce, wadda ita da kanta ta haɗa da yarenmu tun muna shago, wadda ba ta cikin kowane littafin waƙoƙi. Da yarinyar ta zo wurin amshi, sai leɓunan Mama suka kama. Ta miƙe tsaye, matsefi a hannu, hawaye na bin wuyanta, tana bi baiti bayan baiti, ita ma babu sauti.

Na daɗe ina marmarin muryar nan, har na fara mantawa da yadda take cika gida. Na kasa daurewa. Na ce, "Mama, nan fa Gombe ne, ƙofa ma a rufe take. Ki ɗaga mana!"

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ɗaga mini hannu kawai, ta ce da raɗa, "Ke, yi shiru. Ba ki ga ana waƙa ba?"