Hoton da Beryl Ta Riga Shi Ɗauka

Yayana Wilfred Mudge mutum ne mai hassada, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ko tumakin maƙwabci suka yi ƙiba sai ya wuni yana tsaki. Amma wadda ya fi yi wa hassada matarsa ce, Beryl, a kan hoto ɗaya tak.

Shekara arba'in yana hawa tudun Dartmoor da kyamararsa, yana ɗaukar hoton tsohon ramin da kakanninmu suka fasa dutse a ciki. Abin da yake nema shi ne layin da a da dawaki suke jan amalanken dutse a kai. Layin ba na ƙarfe ba ne, da dutse aka sassaƙa shi, kuma ƙaya ta rufe shi. Ba ya fitowa sai makiyaya sun ƙone ƙayar a watan Maris.

Shekarar da aka ƙone gefen ramin, Wilfred ya manta ƙafafun da yake ɗora kyamara a kai a mota, ya sauka ɗaukowa. Beryl na zaune tana shan shayi sai rana ta leƙo, layin ya fito fari tas a kan baƙar toka. Ta danna 'yar kyamararta mai arha. Kafin ya dawo hadari ya rufe. Aka yi mako uku ana ruwa, toka ta wanke, ciyawa ta tsiro.

Hoton nata aka rataye a bangon zauren taron gari.

"Wannan ne hoto?" in ji shi. "Ko saniya ce ta taka maɓallin za ta samu."

"To gobe ka tafi da saniya, maigida," in ji Beryl.

Shekara tara ke nan da rasuwarta, har yau in ya shiga zauren, baya yake juya wa bangon nan. Ba a sake ƙone gefen ba.

Bana, yana da shekara tamanin da ɗaya, gwiwoyi sun ƙi, ya sa na kai shi taron makiyaya. Shugabansu Cyril ya yi dariya.

"Baba Wilfred, ina ruwanka da ƙuna? Ko tunkiya ba ka da ita yanzu."

"Kai yaro, rufe min baki. Ku ƙone gefen ramin nan bana, ku ɗora ni a bayan tarakta. Ba ni da wani Maris da zan jira. In nawa ya fito, ku rataye shi kusa da nata. Kar wanda ya sauke nata."

Ya gyara hularsa.

"Amma ku ɗaga nawa sama kaɗan. Ko da yatsa biyu ne."