Ban Yafe wa Mai Shagon Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana Habibu. Lokacin sabuwar doya ne, ruwa bai ɗauke ba, shekarar duk ta yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen zane.

Yana da shekara tara muka kai shi koyon ɗinki a shagon aminin babansa, a hanyar Akurba. Yaro mai surutu ya dawo shiru. Muka ce hankali ya yi.

Ya girma ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa, ko mai aski. A masallaci sahun ƙarshe yake bi. Ya yi aure, matar kirki, amma in ta dafa kafaɗarsa sai ya zabura. Ba su shekara ba. Aka ce aljanu, aka yi ruƙiyya. Aka ce asiri. Daga baya ya kama shan maganin tari don ya samu barci, shi ne ya ci shi. Ana saura kwana kaɗan ya rasu, ina tsince shinkafa, ya zauna kusa da ni ya ce, "Inna, mutumin nan ya lalata ni tun ina yaro." Bai ƙara ba. Ciwon da aka rufe shi ne ke ruɓa.

Yau ina jin ana maganar irin wannan a rediyo. Da Habibu na nan, ko zai samu sauƙi? Ko zai ce an makara?

Bana mai shagon zai tafi Makka, yana bin gidaje neman gafara. Ya zo zaurena da furfurarsa.

"Maman Habibu, a yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Wanne daga ciki, Alhaji?"

Carbinsa ya tsaya.

Na ce, "Mai haƙƙin yana maƙabarta. Je ka tambaye shi."

An san ni da haƙuri, amma haƙurin nawa ne, ba ni da ikon kyautar da na ɗana. Ina roƙon Allah ya ba mutumin nan tsawon rai, ya hana shi barci kamar yadda ya hana Habibu. Abin da ɗana ya bar mini ke nan: magana ɗaya, kuma ba zan shiga kabari da ita ba.

Har yanzu akwai yara a shagon. Washegari da safe na sa hijabina, na yi sallama a gidan uwar yaro na farko a cikinsu.