Lafiya Lau a Takardar Sallamar Baba

Mahaifina tsohon soja ne, kuma tun da na yi wayo na gan shi yana ɗingishi. A yaƙin basasa harsashi ya same shi can saman cinya, dab da mara, wurin da babba ba ya nuna wa kowa. Mu 'ya'yansa labari kawai muka ji, shi ma daga bakin Inna, mahaifiyarmu, da murya ƙasa-ƙasa. Da ƙafar nan ya noma gonarmu ta wajen Tofa shekara da shekaru, gero da dawa da gyaɗa, ban taɓa jin ya ce wash ba.

Wata shekara aka yi shela za a karrama tsofaffin sojojin yankinmu da suka ji rauni a fagen daga. Baba ya sa aka wanke masa babbar riga, ya tafi tun da hantsi, ya zauna a ƙarƙashin rumfa. Aka yi ta kiran sunaye ana rataya lambar yabo har taro ya watse, nasa bai fito ba. Da ya tambaya, sai aka ce ai takardar sallamarsa ta nuna lafiyarsa ƙalau ya bar soja, ko ƙwarzane babu.

Kafin magariba zancen ya zaga gari. Akwai wani mai sayar da taki a bakin kasuwa, mutumin da ko ƙarar bindigar maharba ya ji sai ya shige shago, shi ne ya ce a majalisa ashe dai daga kan jaki tsoho ya faɗo, ya zo yana yi mana ƙaryar yaƙi. Aka kwashe da dariya. Tir! Har da waɗanda Baba ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Daga ranar ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida.

Ni ce 'yar fari, don haka ni da Baba ba ma doguwar magana, ko sunana ba ya kira. Ta wajen Inna na ji yadda aka yi. Wai ranar sallama an jera su gaban likitan soja, wanda ba ya jin Hausa. Tafinta ya dubi Baba ya ce, “Ya jiki?” Baba ya ce, “Lafiya lau, alhamdulillahi.” To me zai ce? Gaishe shi aka yi, ya amsa. A garinmu wanda ke kwance rai a hannun Allah ma in ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Tafinta ya juya maganar yadda ta fito, likita ya rubuta, aka kira na gaba. Ba wanda ya ce ya taka a ga tafiyarsa.

Ƙannena maza duk suna kudu wajen nema, ni kuwa ina koyarwa a firamare, ina karanta Turanci. Sai Baba ya aiko Inna ta ce min yana so a gyara takardar. Ba lambar yake so ba, in ji ta. So yake a rubuta cewa an harbe shi, kafin ya mutu a bar jikokinsa da zancen jaki.

Wahalar da muka sha a birni ba ta faɗuwa. Wannan ofis ya tura mu wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Baba yana jan ƙafa yana hawa bene, yana sara wa yaran da ya isa ya yi jika da su, su kuwa ko kai ba sa ɗagawa daga waya. Sarawar nan ta fi komai ƙona min rai.

A ƙarshe aka sa mana rana gaban masu tantancewa. Ɗaki ne guda, tebur a tsakiya, wasu tsofaffi a kan benci suna jiran layi, ƙofa a buɗe. Jami'in da ke kan tebur matashi ne, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa yana tara ɓawon a kan fayil ɗin mutane. Ya karanta takardar ya yi murmushi.

“Baba, ai da bakinka ka ce lafiyarka lau.”

“Gaisuwa na amsa, ranka ya daɗe,” in ji Baba.

“To sai mun ga raunin.”

Na ce, “Malam, don Allah a ba shi ɗaki, namiji ya duba shi. Ni zan jira a waje.”

Ya ce babu wani ɗaki, kuma ba inda za ni, doka ta ce sai wani daga iyali ya gani da idonsa ya sa hannu a matsayin shaida. Na ce masa ni 'yarsa ce, 'yar fari ma. Ya ce, “Malama, nan ofis ne, ba ƙauye ba. In ba ku shirya ba ku ba wasu wuri, sai baɗi.” Wallahi Bahaushe ne, Hausarsa ta fi tawa fita. Ya san abin da yake nema a yi, sarai ya sani.

Na juya zan ce wa Baba mu tafi, a bar takardar, Allah ya isa. Sai na ga ya jingine sandarsa a bango, ya tattare riga, ya kama mazagin wando yana kwancewa. Tsofaffin da ke benci duk suka sunkuyar da kai, Allah ya saka musu da alheri. Ni na kafa wa bango ido.

Jami'in ya ce, “Ki duba mana. A kan me za ki sa hannu?”

Ban motsa ba. Sai na ji muryar Baba, a hankali, ya ce, “Ke, duba.”

Na duba. Rami ne a cikin naman, fatar ta tattare kewaye da shi kamar bakin buhun da aka ɗaure. Duk tsawon rayuwata da wannan yake tafiya gona. Jami'in ya ɗauki hoto da wayarsa, sannan ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa abokin aikinsa kira, “Kai, zo ka ga wani abu!” Wancan ya shigo da kofin shayi a hannu, ya leƙa, ya ce lallai tsoho ya sha da kyar. Aka miƙo min biro. Na sa hannun, ban ma san me na zana ba.

A mota Baba ya zauna gaba, ni baya, har muka iso gida.

Bayan an gama girbi takardar ta zo. Sun gyara, sun rubuta an ji masa rauni a bakin daga yana bakin aiki. Na ɗauka da murnata na nufi ɗakinsa, na yi sallama zan ɗaga labule kamar yadda na saba in durƙusa daga bakin ƙofa. Sai ya ce, “Karanta daga nan.” Na tsaya a waje na karanta masa, na fassara. Da na gama ya ce, “Madalla. Ba wa uwarki ta ajiye.”

Mai takin da 'yan majalisarsa ko tambayar takardar ba su yi ba, sun daɗe da samun wani abin dariyar. Baba yana nan da ransa. Duk ranar da na je gida, in ya ji muryata a tsakar gida sai ya shige ɗaki ya saki labule, daga ciki yake amsa gaisuwata. Rabona da ganin fuskar mahaifina tun a ofishin nan.