Wuƙar Kaka ba ta da makulli

Jiya wani mai lemo ya naɗe 'yar wuƙarsa a gabana, ta ce ƙas, sai na tsaya sororo a bakin titi kamar an kira sunana. Wannan ƙarar na tashi da ita a gidanmu na Samaru.

Kakana na wajen uba ya yi aikin lambu a gonakin gwaji har ya yi ritaya, kuma abu ɗaya ya iya fiye da kowa: aurar da mangwaro. Idan ba ku taɓa gani ba, reshen mai daɗi ake yankowa, a fere shi kamar alƙalami, a tsaga kan ɗan dashe a cusa, a ɗaure da leda. Da an yi ruwan farko, ƙasa ta ɗauki ƙamshi, za ku same shi a bayan gida tsugune cikin dashensa. Ba ya noma, ba ya zuwa kasuwa. Wannan aikin ne kaɗai ya rage masa.

Wuƙarsa siririya ce, mai ƙotar ƙaho, washi ya cinye rabin ruwanta. Ba ta da makulli. Wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ne kawai a gadon bayanta yake riƙe ta, da farce ake buɗe ta, da yatsa ɗaya a rufe. Yana da amini, wani tsohon malamin coci da ke zuwa daga Sabon Gari a kan keke duk Asabar. Tasa mai zobe ce, tana da haƙora a gindi, in ya buɗe ta sai ta ce ƙarrr, kuma ba ta rufuwa sai an ja zoben. Shekara da shekaru suna musu a kan wuƙaƙen nan biyu.

"Wuƙar da sai ta yi shela kafin ta yi aiki?" in ji Kaka.

"Gara tawa, Malam. Taka ba ta da amana, wata rana sai ta cije ka."

"Makullin wuƙa a hannun mai ita yake."

Ina aji biyar maganar aminin ta tabbata. Hannun Kaka ya fara rawa. Ya danna tsinin a kan wani reshe mai tauri, wuƙar ta naɗe a kan manuniyarsa. Ni kaɗai na gani. Ya ɗaure yatsan da ledar aure, ya dube ni da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Amarya, wannan sirrin miji da mata ne. Kada babanki ya ji."

To, ni tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana, ga shi jinin ya tsorata ni. Baba bai gama ajiye babur ɗinsa ba na zayyane masa komai. Ya karɓi wuƙar cikin ladabi, ya kulle ta a akwatinsa, ya ce zai sayo wadda ta fi ta.

Tare muka je wani shagon wuƙaƙe a unguwar PZ. Mai shagon ya baje mana su a kan gilashi, yana haɗa Hausa da Turancin kasuwa. Akwai wadda wani ƙarfe a cikin ƙota yake tokare ruwan, sai an ture shi gefe. Akwai mai makulli a baya, in ta buɗe ta ce ƙarap, ko an doka ta a kan benci ba ta motsi sai an danna. Ni na zaɓi wannan, don ta fi ƙara, ga ƙyalli. Duk hanyar dawowa ina jin kaina kamar na ceci ran mutum.

Kaka ya juya ta, ya yaba, ya sa mana albarka. Ta buɗu lafiya. Da ya zo rufewa sai babban yatsansa ya kasa danna makullin. Ya gwada da hannu biyu, ya kasa. Ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu. Garin neman gira muka rasa ido. Da aminin ya zo ran Asabar ya miƙa masa tasa mai zobe, ita ma ta fi ƙarfinsa.

Kwanakin farko yakan kira ni in rufe masa, yana cewa amarya ta fi ango ƙarfi. Ran nan na tafi wasa maƙwabta tun azahar. Da na dawo bayan la'asar na tarar da shi zaune a kan tabarma, wuƙar a buɗe a gabansa, ba halin sa ta aljihu, kuma bai yarda ya kira kowa ba. Ya tashi ya ɗora ta a saman ƙofa a buɗenta. Bai ƙara sauko da ita ba.

Dashen wannan daminar haka suka girma ba aure. Bai taɓa yi mini faɗa a kan tona sirrin ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Kullum ina cewa gobe zan roƙi Baba ya mayar masa da tsohuwar, kunya tana hana ni. Damina biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu bayan gidan ya zama ɗakunan haya na ɗalibai. Mangwaro ɗaya ya tsira a jikin katanga, cikin waɗancan marasa aure, 'ya'yansa ƙanana, duk zare. Duk shekara sai na je na sha, ina kewar tsohon nan kamar jiya ya tafi. Tsohuwar wuƙar tana wurina, Baba ya ba ni da na roƙa, bayan shekara ashirin. Ban sha wahalar roƙon ba, magana ɗaya na yi ya ɗauko. Har yau da yatsa ɗaya take rufuwa.