Ranar da Sitti Ta Hana Ni Gafara

Mun tashi da asuba daga unguwar Ruwais ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu huɗu a mota: ni, da kawuna da ke tuƙi, da maigidan da na zauna cikin iyalinsa kusan shekara guda, sai mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Sitti, wato kaka. Masu ta tambayata ko na tare a ɗakin kwanan ɗalibai, to na tare, ga kuma yadda aka yi.

Ga wanda bai sani ba, lokacin da na zo Jidda karatu ban samu gado a makaranta ba. Kawu direba ne, ɗaki ɗaya suke kwana da abokan aikinsa maza, babu inda zai ajiye budurwa. Sai kafilinsa, wato maigidan nan da yake yi wa aiki, ya ce a kawo ni wurin iyalinsa. Musulmi ne 'yan asalin ƙasar Sin. Sitti ta zo aikin Hajji da mijinta tana amarya, suka yi zamansu, kamar dai yadda mutanenmu da yawa suka yi. A gidan na koyi cin taliya da tsinke biyu, bayan na ɓata riguna ba adadi, na kuma koyi shan shayi ba sukari, abin da har yau nake ganin zalunci ne.

Sai dai da damuwa na shiga motar nan. Ranar Juma'a bayan la'asar na durƙusa gaban Sitti na ce ta yafe mini abin da na yi mata, wanda na sani da wanda ban sani ba, yadda aka koya mana a gida. Ta dube ni, ta ajiye ƙullin fulawar da take murzawa, ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ƙara yi mini magana ba. Da asuba sai ga ta cikin abaya, ta riga kowa shiga mota. Ni kuwa ban san yadda ake barin gidan da aka ci abincinsa ba tare da an yafe wa mutum ba.

Jidda da sassafe gari ne mai daɗi. Titi fayau, iska na kawo ƙamshin teku da ɗan ƙarnin kifi, masu shara cikin kayan aiki suna ta fama kafin rana ta ɗaga. Mun tsaya wurin wani ɗan Afganistan mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi kamar faifai, riyal ɗaya. Kawu ya haɗo da dafaffen wake, muka ci a mota. Na miƙa wa Sitti, ta karɓa ba tare da ta kalle ni ba.

Daga nan muka gangara kasuwar Bab Makka sayen bokiti da zanen gado. Wanda ya yi kewar gida ya je Bab Makka. Ga mata zaune da kuka da daddawa da yaji, Hausa na tashi ta ko'ina. Mai zanen gadon haifaffen nan ne, Hausarsa rabi da rabi da Larabci. Ya ce, "Yalla ƙanwata, ɗauki biyu, halas, ba na ciniki da ɗaliba." Ya faɗi haka ne bayan ya tsuga kuɗi, sai da Sitti ta zare masa ido ya rage kusan rabi.

Tana can tana duba bokitai ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen zinariya, na samu maigida na tambaye shi laifin da na yi. Ya ce ban yi laifi ba. A gidansu, in ji shi, ba a neman gafara irin wannan sai rabuwar da ba a sa ran sake haɗuwa. Sitti ta nemi ta mahaifiyarta ranar da ta baro ƙasarsu, ba su sake ganin juna ba. Mijinta ya nemi tata a gadon asibiti. Da na durƙusa jiya, abin da ta ji shi ne na yanke zumunci, na tafi ke nan. Na ji tausayinta ƙwarai.

Rana ta yi zafi kafin mu isa makaranta, zafin Jidda mai danshi da ke manna wa mutum abaya a baya. Maza ba sa wuce ƙofar sashen mata, don haka Kawu da maigida suka tsaya a mota, ni da Sitti muka kinkimi kaya. Ɗakin gado uku ne. Na tarar da wata 'yar Sudan da wata 'yar Indonesiya, kowacce ta kafa ƙusarta ta rataye kayanta. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara kamar injin markaɗe. Sitti ta danna katifa, ta leƙa banɗaki, ta buɗe tukunyar 'yar Sudan ta rufe. Fuskarta ta gama raina wurin.

Da ta shimfiɗa mini zanen gado, na zauna kusa da ita na ce, "Sitti, a wurinmu ko ƙauyen kusa za ki je kwana biyu sai kin nemi gafara. Ba ban kwana nake yi miki ba."

Ta ce, "To me ya sa kika durƙusa?"

"Haka muke yi wa iyaye."

Ta daɗe tana gyara matashin da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, "Ban yafe ba, 'yata. Ki zo ranar Alhamis." Ta ja mayafinta ta fita.

Kwanakin nan na ji jiki. Shinkafar makaranta ba gishiri, 'yar Sudan na karatu da ƙarfi, ni kuma maganar Sitti na cina. Ranar Alhamis Kawu ya ɗauko ni muka koma Ruwais, cunkoson yamma ya riƙe mu a kan gada har aka kira magariba. Ina shiga na ce na dawo gida, ban ma lura da abin da bakina ya faɗa ba sai da matar maigida ta yi dariya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne ladabin gidanku na iya zama abin tsoro a gidan wasu, kuma gara mutum ya tambaya da ya yi ta zargin kansa. Na samu Sitti a kicin tana jan taliya. Ba ta juyo ba ta ce, "Na yafe tun ranar Juma'a. Amma kada ki sake roƙona. Idan lokacin ya yi, ni zan roƙe ki."