Rumman ɗin Kaka da Baƙar Ƙasar Bagzan

Shekaranjiya na watsa ruwa a kan tokar murhu, ya shige da ƴar ƙara, sai na tuna buhun ƙasar da kawuna ya sauke mana a unguwar Zango ta Wagadugu, ina aji biyar a lekol, wato makarantar boko.

Kawu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, albasa yake ɗaukowa daga Agadas. A can aka haifi kakata, a kan dutsen Bagzan, inda mahaifinta yake da lambu a gangare. Da lambun ya fita daga hannun dangi, abu ɗaya ta roƙa: dashen rumman daga itacen da mahaifinta ya shuka. Kawu ya kawo shi, bai kai kamu guda ba, har da ƙasarsa. Baƙa ce, ba nauyi, cike da tsakuwa mai huji-huji kamar soso. Ya haƙa rami da diga a jar ƙasar tsakar gidanmu, ya juye baƙar a ciki, ya dasa. Gwiwa ta hana kaka sunkuyo, sai ban ruwa ya zama nawa.

Kun dai san ƙasar Wagadugu. In ka zubar da ruwan wanki yana nan kwance har agwagi su gaji da shi. Wannan kuwa, kafin in ɗaga buta ta shanye. Abin ya ɗaure mini kai. Ina ruwan yake zuwa? Har kunne nakan kara in ji tafiyarsa. Daga ƙarshe na ce ƙishi take ji, baƙuwa ce, ta sha hanya. Sai na ƙara mata: da safe, da na dawo lekol, bayan la'asar, har ragowar ruwan alwalata.

Cikin mako uku ganye ya yi rawaya ya fara zuba. Na ƙara ruwa.

Kaka ta sa aka kai mata kujera bakin ramin. Ta cusa sandarta har ƙasa, ta zaro, sai ga laka tana wari.

"Takwara, kin kusa kashe shi da kirki," ta ce mini. "A can gida ruwa wucewa yake yi. Ya shiga ta sama, ƙasa ta riƙe abin da take so, saura ya bi cikin dutse, bayan kwanaki ya ɓullo a gindin gangare mu tare shi. Nan ina zai bi? Kawunki tukunya ya haƙa."

"Inna, ni fa tuƙi na koya," in ji kawu.

"Na gani."

Maƙwabciyarmu, wata Bamosa mai fasa dutse a unguwar Pissy, ita ta kawo mana tsakuwa a daro. Aka raba wata tsohuwar gangar ƙarfe biyu, aka huda gindinta da ƙusa, tsakuwa a ƙasa, baƙar ƙasa a sama. Da aka tono dashen don a mayar da shi cikin gangar, kaka da kanta ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyi. Saura kaɗan ne. Ta kafa mini doka: ba ruwa sai na tura yatsa har gaɓa ta biyu na ji bushe.

Kwana goma sha ɗaya sandar rumman ɗin nan tana tsaye tsirara. Ko wace salla ina roƙon Allah kada ta mutu a hannuna, don babu inda za a samo wata. Ran sha biyu wani jan toho ya leƙo, kamar ƙwayar gero.

Sai da na shiga kolej malaminmu ya ce irin wannan ƙasa toka ce ta dutsen da ya taɓa aman wuta. Na kawo wa kaka labari. Ta ce, "Ikon Allah. Shi ya sa ba ta ƙoshi da ruwa."

A shekara ta uku ta ci ɗan fari na rumman ɗin, ta ce bai kai na gida zaƙi ba, amma nasu ne. Allah ya jiƙanta.

Yau siminti ya rufe tsakar gidajen Zango, ruwan sama daga kwano sai kwata, ƴaƴana ba su taɓa tambayar ina yake zuwa ba. Da ƙanena ya zo shafe namu gidan, mahaifiyata ta tsaya a gindin rumman ɗin, wanda tuni ya fasa gangar, ta ce magini ya kewaye shi.